Mu ne muka zaunar da Baba

Mahaifina tsohon direban tirela ne. Shekara 34 ya yi yana jan mota tsakanin Kano da Legas, ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina da Mokwa, ya tsallaka gadar Jebba ya faɗa Ilorin, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kawai. Da wannan sitiyarin ya ciyar da mu tara, ya sa mu a makaranta, ya aurar da matan cikinmu. Saboda haka ranar da ya miƙa makulli ya ce idonsa ya daina ganin hanya da dare, muka taru a ɗakin Inna muka yanke magana guda: Baba ya gama wahala, in Allah ya yarda ko tsinke ba zai ƙara ɗagawa ba.

Mun cika alkawari har mun wuce gona da iri. Cefane ya dawo hannuna. Aka gyara masa zaure, aka sa kujera mai taushi, fanka da rediyo, daga baya talabijin. Masallacin unguwa yana jikin katangarmu, taku 20 bai cika ba. Ranar Juma'a in ɗauke shi a mota. Ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa, a tsayar masa da adaidaita sahu har bakin ƙofa. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, jikoki uku sun riga shi. Na sha ganin ya yunƙura zai miƙe, wani a cikinmu ya ce, "Haba Baba, ku zauna mana, me za a kawo muku?" Sai ya koma ya zauna. 'Yan unguwa kuwa suna ta sa mana albarka, ana misali da mu, mu kuma kanmu yana ƙara girma.

Shekara huɗu aka yi a haka. Tumbi ya fito, muka ce hutu ne ya karɓe shi. Ya fara gyangyaɗi da hantsi, muka ce gajiyar shekaru ce take fita. Ya fara kukan ciwon kai a ƙeya, aka sayo Panadol. Ko da ya koma yin nafila a zaune, cewa muka yi ai tsufa ne, waye zai tsufa bai zauna ba?

Ranar sunan ɗan ƙanwata asirinmu ya tonu. Gidan nata bene ne, hawa ɗaya tak. Ina bayansa riƙe da takalmansa, muka kai tsakiyar matakala sai ya tsaya cak, ya dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirji. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa alhali sanyin Disamba ake yi. Na ce, "Baba lafiya?" Bai iya amsawa ba, sai haki kamar wanda ya yi gudun ceton rai. Mutumin da na sha gani yana ɗaga tayar tirela shi da yaron mota ɗaya, ga shi matakala takwas ta gagare shi. Ban jira an ci naman suna ba, asibiti muka nufa.

Da nas ta ɗaura masa ma'aunin jini, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. 186 bisa 104. A lokacin ban san ma'anar lambobin ba, fuskarta kawai na karanta. Daga baya na koyi cewa daga 140 bisa 90 zuwa sama ake kiran abin hawan jini, kuma mutum zai iya shekaru da shi bai ji komai ba. Aka yi masa gwajin bugun zuciya, irin wanda ake manna wayoyi a ƙirji, aka kuma ɗauki hoton zuciyar. Sakamakon ya nuna bangonta ya yi kauri, saboda ta daɗe tana tura jini da ƙarfin da ya fi ƙima. Alhamdu lillahi, ba ta kai ga gazawa ba.

Likitar da ta gan mu dattijuwa ce mai magana a hankali. Bayan ta rubuta magani, ta dubi Baba ta ce, "Baba, daga wayewar gari zuwa dare, ina da ina kuke zuwa da ƙafa?" Kafin ya buɗe baki na amsa, har da ɗan alfahari: "Ai ba ya zuwa ko'ina, likita. Mun hutar da shi." Ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur, ta dube ni na ɗan lokaci. Ta ce, "To hawan jini ciwo ɗaya ke nan. Ciwo na biyu kuwa, ku ne."

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da ta ji sana'ar Baba sai ta gyara zama ta ba shi wani labari, wanda daga baya na bincika na tarar haka yake. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas-bas na birnin Landan, motocin nan masu hawa biyu. Direba yana zaune kusan duk yini, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Wannan yana cikin binciken farko da ya nuna wa likitoci cewa zama kansa yana da hannu a ciwon zuciya.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato yaron mota ya fi direba riba." Ya fara lissafa abokan aikinsa da yatsu: wane ya faɗi a tasha yana alwala, wane ɓarin jikinsa ya shanye a Mokwa aka dawo da shi a kwance, wane aka tashe shi da asuba aka tarar ya cika. Duk a da muna cewa ajali ne, kuma ajalin ne, amma ranar na ga Baba yana yi wa mutuwar tasu wani kallo daban.

Abin da likitar ta ɗora masa bai fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Magani kullum, ko ya ji daɗi ko bai ji ba. Gishiri ya ragu, domin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma a ciki har da na dunƙulen magi, na yaji, na kilishi da kanwar da ake jefawa a miya. Sai tafiya: minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, amma kada ya fara da haka. Ya fara da minti 10. Ma'aunin sauri kuma ta ba shi wanda ya fahimta nan take: ya yi tafiyar da zai iya hira a cikinta amma ba zai iya jan karatu da ƙira'a ba. In ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwon ya hau muƙamuƙi ko ya gangara hannu, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ya tsaya, to ba gida za a kai shi ba, asibiti.

Na ɗauka an gama. Washegari na shiga kasuwa na sayo masa kambas fari da wando irin na 'yan motsa jiki. Ya juya takalmin, ya leƙa cikinsa, ya ce, "Kai, ni ɗan ƙwallo ne?" Wandon kam ko taɓa shi bai yi ba. Da ƙyar Inna ta lallashe shi ya sa kambas ɗin a ƙarƙashin jallabiya.

Fitarmu ta farko ba mu yi mita 300 ba mutum uku suka tsaya. Na farko a babur: "Baba lafiya? Ina za ku? Ku hau in kai ku." Na biyu mai shago ne, ya fito da benci da gudu. Na uku wani dattijo ne sa'an Baba, shi bai ce komai ba, ya dai dube ni sama da ƙasa. Da magariba ya aiko a kira ni, ya yi mini nasiha mai ratsa jiki a kan haƙƙin iyaye: ga mota a ƙofar gida, ka bar tsoho yana gararamba a ƙasa kamar wanda ba shi da kowa? Na yi bayani, ya gyaɗa kai, amma na san bai gamsu ba. Baba kuwa da labarin ya kai kunnensa ya ce shi ke nan, an gama. "Babba ba ya fita babu dalili. In an tambaye ni ina za ni, in ce me? In ce yawo?"

Mako biyu kambas yana ƙarƙashin gado. Na yi roƙo, na yi fushi, na kira Yaya daga Kaduna ta yi masa magana a waya. Inna tana kallonmu. Wata rana da dare ta ce mini, "Ku ba ku san babanku ba. Shekara 46 ina tare da shi, ban taɓa ganin ya yi abu don kansa ba. Ka bar ni da shi."

Da safe ina gaishe su, sai na ji ta ɗaga murya daga madafa: "Malam, ni fa cefanen yaran nan ya ishe ni. Dubi kuɓewar da aka kawo, duk ta tsufa. Tattasai rabi ruɓaɓɓe. Tun da ka daina zuwa da kanka ban ƙara ganin kayan miya na kirki ba." Ni na sayo kuɓewar, kuma lafiyarta ƙalau. Na buɗe baki, ta harare ni, na rufe. Baba ya yi gyaran murya ya ce ai dama yaran yanzu ba su san ciniki ba, duk abin da aka faɗa musu biya suke. Ya shiga ɗaki. Da ya fito, kambas ne a ƙafarsa, da jakar leda a hannu.

'Yar kasuwar unguwarmu tafiyar minti 12 ce a irin takunsa na lokacin. A can ya zauna a bencin mai kayan miya ya huta, ya yi ciniki kamar zai sayi gida, ya dawo. Wanda duk ya tare shi a hanya, amsa a shirye take: "Cefane za ni." Ba wanda ya ƙara kawo benci. Bayan wata guda Inna ta ƙaro masa aiki, wai 'yar jikarsa tana tsoron karnukan bayan layi, sai an raka ta islamiyya da la'asar. Daga baya shi da kansa ya ƙaro na uku. Limamin wani masallaci da ke can bakin titi ya yi karatu a kan hadisin da ya ce wanda ya yi alwala ya nufi masallaci, kowane taku ana ɗaga masa daraja a kankare masa zunubi. Baba ya dawo ya ce shi an cuce shi, shekara huɗu yana samun ladan taku 20. Tun ranar sallar asuba ta koma can.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Ɓarna ta farko ni na yi ta. Wata Asabar a watan Afrilu, ganin ya fara ƙarfi, na ce mu ƙara nisa, kuma ban duba cewa rana ta riga ta ɗaga ba. Wanda ya san zafin Kano a wannan watan ya san yakan haura digiri 40. Ga shi bai daɗe da shan magani ba, ruwa kuma bai sha ba. Muna tafe sai na ga yana tangaɗi, ya ce garin yana juya masa. Na zaunar da shi a dakalin wani gida da ban san masu shi ba, matar gidan ta aiko yaro da ruwan randa a kofin silba. Ya sha, ya jingina da bango, idonsa a rufe. Minti goman nan ban taɓa jin tsawon lokaci irinsu ba. Likita ta ce zafi da rashin ruwa a jiki, ga maganin hawan jini, su suka haɗu suka saukar da jinin fiye da ƙima. Ta ce in daina gaggawa, ba gasa ake ba.

Ta biyu shi ya yi ta. Mun sayi ma'aunin jini na gida, muna rubuta awo a wani littafin makaranta mai layi. Ranar da ya ga 134 bisa 82 ya yi hamdala, kuma ba tare da ya gaya wa kowa ba ya daina shan ƙwayar. A ganinsa an warke, tafiya ta maye gurbi. Dama yana jin haushin ɗaya daga cikinsu, amlodipine, don tana kumbura masa idon sawu, har wani a majalisa ya ce masa ƙoda ce ta taɓu. Cikin mako biyu lambar sama ta koma 170. Da muka tsananta bincike kuma sai ga wani sachet a aljihun rigarsa, diclofenac, wanda yake saya a kemis don ciwon gwiwa. Ashe irin waɗannan magungunan kashe ciwon suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda in an daɗe ana sha. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce tafiya takan rage lambar sama da kamar maki 5 zuwa 8, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma wanda ya taso daga 186 lissafi ma ya isa ya nuna masa cewa ƙafa kaɗai ba za ta kai shi ba. Ta rage masa ƙwayar da ke kumbura ƙafar ta haɗa masa da wata. Baba ya ce ya gane: tafiya man inji ce, magani ruwan lagireto, ba a cewa wannan ya wadatar da wancan.

Akwai kuma rigimar agogo. Ƙanina ya sayo masa agogon nan mai ƙirga taku, ya ce dole sai ya cika 10,000 kullum. Baba ya yi cefane, ya yi rakiya, ya je masallaci, ya duba da dare ya ga 4,000 da 'yan kai. Ransa ya ɓaci, ya ce ashe wahalar banza yake. Sai da na zauna na karanta na gano cewa lambar 10,000 ɗin nan ba daga asibiti ta fito ba, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Wani bincike kuma da masana na jami'ar Harvard suka fitar a 2019 a kan tsofaffin mata a Amurka ya nuna masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Na karanta masa. Ya ce to, shi dai a ɗauke masa wannan ɗan sandan daga hannu. Agogon yanzu yana hannun jikansa. Shi da carbi yake awo: gida zuwa kasuwa istigfari carbi biyar, masallacin bakin titi carbi bakwai. Ya ce da farko kasuwa carbi takwas take cinye masa.

Sauran dabarun yanayi ne ya koya mana. Da hunturu yakan jira rana ta fito, ya rufe hanci saboda ƙura. Da bazara, in hantsi ya yi an rufe fita sai bayan la'asar sakaliya. Da damina matsalar kwatoci ce da santsi, shi ya sa ya yarda ya riƙe sanda, bayan da farko ya ce sanda ta makafi ce da sarakai. Da azumi tafiyar tana komawa bayan tarawihi, lokutan shan magani kuma likita ce ta tsara. Titunanmu ba a yi su don mai ƙafa ba, wannan kam gaskiya ce, sai dai tsohon direba ya san halin 'yan uwansa: kullum yana bin gefen da zai fuskanci motoci masu tahowa, ya ce bai yarda ya ba ɗan adaidaita baya ba. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, rabin unguwa suka dawo tafiya a ƙasa, har da masu tsayawa su ce ya hau. Baba yana wuce su yana cewa sannunku da motsa jiki.

Abin da ban zata ba shi ne dawowar bakinsa. A shekarun zaure Baba ya zama mai shiru, mai saurin fushi, mu kuma muka ɗauka halin tsufa ne. Ashe kaɗaici ne. Mutumin da ya saba da tasha, da hayaniya, da sanin farashin komai daga Dawanau har Legas, muka ajiye shi gaban talabijin. Yanzu in ya dawo daga cefane sai ya ba Inna labarin unguwa kaf, wa ya haihu, wa ya tashi, nawa kwanon wake ya kai. Dattawa biyu suka fara bin sa masallacin asuba, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne wanda ya kira ni ya yi mini nasiha. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Wannan dattijon ya rasu a daminar bara. Da aka sallaci gawar aka ɗauki makara, na matso da mota kusa da Baba na buɗe masa ƙofa, don maƙabartar da nisa. Ya girgiza kai. Ya shiga cikin jama'a, sanda a hannu, gefen jallabiyarsa duk taɓo. Na bar motar a nan na bi shi. A wani wuri na ga ya miƙa wa wani yaro sandar, ya kutsa ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin makarar, ya yi taku kamar goma kafin wani ya karɓe shi. Na so in hana, na tuna ni ne mai cewa "ku zauna", na yi shiru. A hanyar dawowa ya ce mini rabonsa da ya raka wani maƙabarta da ƙafarsa tun yana aiki, kuma duk wanda aka kai a shekarun nan yana mota yana jin kamar bashi ne a kansa. Bai ƙara cewa komai ba har gida.

Yanzu shekararsa 73. Awonsa yana yawo tsakanin 130 da 140 a sama, wani lokaci ya ɗan haura in an yi biki an ci nama da yaji. Gwiwa tana nan tana damunsa, kaurin zuciyar ma likita ba ta ce ya tafi ba, ta dai ce bai ƙaru ba. Nafila ta dawo a tsaye. Ni ma da aka auna ni a wata rakiya da na yi masa aka sami 146 bisa 92, kuma tun ranar ba ni da sakat, kullum sai ya tambaye ni ko da mota na je wurin aiki.

Muna tara masa kuɗin Umara, shi da Inna. Da ya ji, abin da ya fara tambaya shi ne nisan Safa da Marwa. Aka ce masa kusan mita 450 ne, sau bakwai, ya haura kilomita 3 ke nan, ban da ɗawafi. Ya ce shi ba za a tura shi a keke ba alhali ƙafarsa tana motsi. Ya sa jikan nan mai agogo ya auna masa wani miƙaƙƙen layi a bayan makarantar firamare, duk ranar Alhamis bayan asuba sai ya je ya kai ya komo. Ya fara da sau uku, yanzu yana yin shida. Inna ma ya tasa ta gaba, tana zagaya tsakar gida da yamma tana mita.

Kuɗin har yau ba su cika ba, canjin dala ya yi mana nisa. Makon jiya na je gaishe shi na tarar ya ba da kambas ɗin a yi masa sabon ƙasa, karo na biyu ke nan. Na ce a bari in sayo sabo. Ya ce a'a, wannan ya riga ya san ƙafarsa, in sa kuɗin a asusun tafiya.